Tukunyar Iya Falmata a Wutar Kano

Tun da na dawo daga Kano bakina bai huta ba. Wadda ta zo sayen ludayi sai ta ja kujera ta ce in ba ta labari, wadda ta zo gaisuwa ma haka, har wana Yaya Mutari ya ce in ya ƙara jin na ce "to, da muka isa iyaka" zai bar mini shagon ya koma gida. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, mai son ji ya karanta, ni kuma in samu in sha ruwa.

Sunana Zainabu, amma a kasuwar Gure in ba ka ce Abu mai tukwane ba, babu wanda zai nuna maka ni. Mahaifinmu ne ya taso daga Damagaram ya buɗe shagon, kuma tun zamaninsa tukwanen dalma na wani tsohon kamfani na Kano muke sayarwa. A da, in za a kai amarya, uwa takan jera mata tukwane daga ƙasa har kusa da rufin ɗaki, waɗansu ma har ta tsufa ba za su ga wuta ba. Yanzu kuwa yarinya sai ta ɗauki biyu ta ce sun ishe ta, ta tambaye ni ina za ta kai sauran. Ina cikin tunanin ko sana'ar ta zo ƙarshe sai ga waya daga kamfanin. Suka ce sun sake tsari, suna gayyatar tsofaffin abokan cinikinsu su zo su gani, kuma kowa ya taho da tsofaffin tukwanen mutanen garinsu, waɗanda suka huje ko suka lotse, kada a yar. Ni da ban taɓa wuce Damagaram ba, ranar har rawa na taka a tsakar gida.

Na bi unguwa na faɗa wa mata, kafin kwana uku na tara tukunya goma sha bakwai. A Gure in ka kai wa maƙeri tukunya, ya liƙe ta, taka zai miƙo maka. Don haka ban tambayi kowa komai ba, na samo zare kala-kala na ɗaura wa kowace a hannu, don kada in dawo in ba Bintu ta Hawwa. Sannan a wurinmu ba a aika wa mutum mazubi fanko, balle wanda zai yi maka aiki. Kowace mace ta zuba wani abu a tata domin masu gyara: wata cuku, wata kanwa, wata busasshiyar kuɓewa, aka rufe aka ɗaure murfin da tsumma.

Babbar cikinsu ta Iya Falmata ce, aminiyar marigayiya mahaifiyarmu. Duk unguwarmu babu suna ko biki da ba a ari tukunyar nan ba, sai dai gindinta ya fara yoyo. Iya ta cika ta da dabinon garkarsu ta cikin kwari, ta rako ta har tasha tana dogara sanda.

"Abu, matar jikana ta shiga watanta," in ji ta. "A cikin wannan na dafa na sunan ubansa, a ciki na dafa nasa. Ki dawo mini da ita kafin a yanka rago."

"Iya, ko ni ban dawo ba, ita za ta dawo," na ce mata ina dariya.

Muka tashi da hantsi ni da Yaya Mutari, tukwane a saman mota suna ƙara kamar ana kiɗan ƙwarya. Duk ramin da muka faɗa sai fasinjoji su waiwayo su dube ni. Wani dattijo mai kai awaki kasuwa ya tambaye ni ko ƙaura nake yi. Na ce a'a, Kano zan kai su asibiti. Ya ce to in tambayo masa ko suna karɓar gwiwa, tasa ma ta huje.

Mun wuce Gidigir da kaɗan motar ta yi fan, ta mutu mana a hanya. Direba ya shiga ƙarƙashinta ya fito, ya ce wani ƙarfe ne ya karye, sai an kawo daga Damagaram. Muka zauna gindin wata aduwa tun kafin azahar har la'asar ta yi sanyi. Babu gari kusa, babu mai tallan komai, ga mata masu goyo, ga dattijon nan da ya ce tun asuba ruwa kawai ya sha. Ni kuwa ina zaune na san akwai dabino a saman mota. Na daure, na daure, na kasa. Na sa aka sauko da tukunyar Iya, na kwance tsumman, na ce bismillah. Dabinon kwari ne mai laushi, kafin ƙarfen ya iso an ga gindin tukunya. Na sha albarka ranar har ta yi mini yawa. Na ce a raina in mun isa Damagaram zan sayi wani in mayar.

A Damagaram muka kwana gidan gwaggonmu, da safe kuma Yaya Mutari ya tsaya mini a ka wai motar Kano ba ta jiran kowa. Na ce dabino fa? Ya ce mutanen Kano ba dabino suka rasa ba, in shiga mota kawai. Haka tukunyar Iya ta hau sama fanko, murfinta a kife.

Iyaka kuwa ni da nake zaton zan ga wata ƙatuwar ƙofa, sai na ga igiya da tuta da mutane masu kama da mu sak. Wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya sa aka sauke kayanmu, ya buɗe tukunya ta fari ya ga cuku, ta biyu kanwa, ta uku kuɓewa. Ya dube ni ya dubi Yaya.

"Hajiya, tukwane kike fatauci ko kayan miya?"

"Ranka ya daɗe, ko ɗaya. Gyara za a yi musu, wannan kuma gaisuwar masu gyaran ce."

Ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani, suka yi ta dariya, ya ce shekarunsa a bakin iyaka bai taɓa ganin tukunya ta yi guzuri ba. Ya taya mu ɗaure murafen da hannunsa. Da muka tsallaka sai na ga magana ta fara sauyawa: gudron ya koma kwalta, biro ya koma ofis, na ce wa wata mata 'yata tana lakwal, ni makaranta nake nufi, ta ce Allah ya ba ta lafiya. Muka bi ta Daura da Kazaure, ni dai wuyana har ya yi ciwo don leƙe.

Kano ba gari ba ce, garuruwa ne aka haɗa aka hana su barci. Babura masu ƙafa uku sun fi awakin Gure yawa, kuma kowane direba yana tuƙi kamar shi kaɗai Allah ya halitta. Kamfanin ya sauke mu a masaukin baƙinsa. Ina shiga na fara neman abin da zan zo in ba ku labari, irin su firji da ruwan roba jere-jere. Sai na tarar da randa. Randar ƙasa, da moɗa a kai, irin ta ɗakin kakata. Mai kula da masaukin ta ce sun daina sayen ruwan leda, wannan tacacce ne, kuma randa ba ta cin wuta. Aka kawo mana gurasa da ƙuli da yaji a cikin kwano mai murfi, aka ce in mun gama mu mayar da kwanon. Yaya Mutari ya sunkuyo ya ce mini, "Abu, mun yi kwana biyu a hanya don mu zo mu ga talaucinmu ya zama ado." Amma gurasar ta yi daɗi, sai da na nemi ƙari ba kunya.

Washegari da safe mota ta kai mu masana'antar. A bakin ƙofa ma'aikata suka karɓi tukwanen, suka ɗora a kura suka yi ciki da su. Na ɗaga murya na ce su lura da zaren, wani ya ce to Hajiya, ba tare da ya waiwayo ba. Mu kuma aka shigar da mu wani zaure tare da sauran 'yan kasuwa, daga Maraɗi, daga Haɗeja, daga wurare da ban taɓa ji ba.

Wadda ta tarbe mu Hajiya Rabi ce, jikar wanda ya kafa kamfanin, ita ke riƙe da shi yanzu. Na zaci zan ga zinariya har gwiwar hannu, sai na ga mace cikin atamfa da tabarau, ta zauna a benci ɗaya da mu. Maganarta ta shige ni don ba ta ɓoye laifinsu ba. Ta ce kakanta tukunya mai kauri yake yi, wadda za a gada. Daga baya suka ga in tukunya ta daɗe ba a dawowa saye, sai suka riƙa rage mata kauri, suna ƙara mata ƙyalli. Suka ci kasuwa shekaru, har mutane suka gane. Ga ƙarfe ya yi tsada, ga matasa ba sa son tara kaya, ga bola cike da tukwanensu masu tambarin kakanta a gindi. Ta ce ranar da ta ga akuya tana cin dusa a cikin ɗaya a bakin kwata, ranar ta san ko su sake hali ko su rufe.

Daga nan aka zaga da mu, ni kuwa baki buɗe. Na ga sabuwar tukunyar da suke yi, mai nauyi, hannunta da kusoshi masu kwancewa, in ya karye a sake shi kaɗai. Na ga rufin masana'antar shimfiɗe da faifan hasken rana. Na ga ruwan da suke sanyaya ƙarfe da shi yana zagayawa yana dawowa, ba a zubarwa. Na ga ɗaki guda na manyan tukwanen biki da suke ba da haya, wai don kada kowane gida ya sayi abin da sai shekara-shekara yake hawa murhu. Na ce wa Hajiya Rabi wannan mu aro muke ce masa, kuma mun riga su. Ta yi dariya ta ce ai duk abin da suke taƙama da shi yanzu, a wurin kakanninmu suka sato. Akwai kuma rumfar gyara, maza shida zaune suna liƙi da bugu. Da na gan su sai hankalina ya kwanta, na ce to ga inda tukwanena suke.

Wurin ƙarshe da aka kai mu shi ne wurin wuta. Zafinsa ya fi na rairayin Gure a watan bazara. Wani dogon tebur mai tafiya da kansa yana ɗauke da tsofaffin tukwane, yana kai su yana zubawa a bakin wata tanderu, daga can gefe kuma dalma tana kwarara fara fat kamar nono. Kowa yana mamaki, ni ma ina yi, har idona ya faɗa kan wani tari a gefen bango. Murafe ɗaure da tsumma, zare kala-kala a hannuwa. Na bar layi na je na ƙirga, na sake ƙirgawa. Goma sha shida.

Shugaban masu aikin wutar, wani dattijo da ake kira Malam Garba, ya matso yana share gumi.

"Naki ne, Hajiya? Ai mun rasa yadda za mu yi da su. Ba a zuba tukunya a wuta da kaya a ciki, shi ya sa muka ware su."

"Baba, akwai wata babba, mai jan zare."

"Mai yoyo a gindi? Wannan ai fanko ta zo. Ta shiga tun zubin farko."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Sai a lokacin na gane: su tsofaffin tukwane narkawa suke yi su zuba sababbi, rumfar gyara kuwa sai wanda ya ce a kai masa can. Ba su ɓoye mini ba, ni ce ban tambaya ba, don a kaina babu yadda za a yi ka ba mutum tukunyarka ya miƙo maka wata. Kuma da ban buɗe ta a hanyar Gidigir ba, da tana nan cikin 'yan uwanta. Kuka na yi sosai, a gaban mutanen Maraɗi da na Haɗeja, ban damu ba.

Hajiya Rabi ta tsuguna kusa da ni ta ce in gaya mata. Na gaya mata komai, da zaren, da dabinon, da sunan da ke tafe. Ta cire tabarau.

"Mun yi wata da watanni muna tsara wannan abu," in ji ta, "da masana da takardu. A cikinmu babu wanda ya ce a tambayi mai tukunya ko tana son abarta. Mu nauyin ƙarfe muke gani."

Nan take ta ce a kai goma sha shidan rumfar gyara. Ta kuma ce daga ranar duk wanda ya kawo tsohuwar tukunya sai an tambaye shi, gyara ko narkawa, kuma ta gyara a ɗaura mata zare kamar yadda na yi. Aka buɗe murafen aka raba wa ma'aikata gaisuwarsu. Ku zo ku ga manyan maza suna rububin cukun Gure, wani yana tambaya ko gasawa ake yi ko jiƙawa. Malam Garba kuwa ya tafi ya dawo rungume da wata sabuwar tukunya, girmanta ɗaya da ta Iya, da sauran ɗuminta. Ya ce daga zubin farko ta fito, ba zai rantse cewa duk ita ce ba, amma tana ciki.

Kwana biyu muka ƙara. Aka koya mini sake hannun tukunya da liƙe ƙaramin huji, aka ba ni kayan aikin, aka ce shagonmu ne zai riƙa karɓar gyara a Gure. Na yi murna, ba zan ce ban yi ba, har na ga shagon mahaifinmu ya sake samun abin yi. Amma duk dariyar da na yi sai ta yanke in na tuna Iya.

A hanyar dawowa Yaya Mutari ya kawo shawara. "Ki ce mata ita ce aka wanke aka sabunta. Idonta ya yi rauni, ba za ta gane ba. Mene ne amfanin ɓata wa tsohuwa rai?" Tun daga Daura har Matamaye ina juya maganar, kuma wallahi ta yi mini daɗi. Muna shiga Gure aka tare mu da albishir cewa an haihu tun kwana shida, namiji, gobe suna.

Na raba wa mata tukwanensu, kowa tana juya tata tana yaba liƙin. Sannan na ɗauki sabuwar a ka na nufi gidan Iya Falmata. Na same ta a tsakar gida mata sun kewaye ta ana tsintar shinkafa. Na sauke a gabanta, na durƙusa, ƙaryar tana bakina a shirye. Da ta ɗago ta ce "Abu, kin sha hanya," sai na ji ba zan iya ba. Na faɗa mata gaskiya tun daga gindin aduwa har bakin tanderu.

Iya ta jawo tukunyar, ta kifa ta a cinyarta, ta sa babban yatsa tana shafa wani wuri a ƙarƙashin baki, kusa da hannu. Ta shafa, ta sake shafawa, wurin sumul.

"A nan Ari ya rubuta sunansa da ƙusa," ta ce, "ranar da ya fara zuwa lakwal. Har dukansa na yi."

Ari shi ne ɗanta, kakan jaririn, wanda ya rasu tun ina budurwa. Sau nawa na ari tukunyar nan, sau nawa na wanke ta da hannuna, ban taɓa kifa ta na duba ba. Na buɗe baki in ba ta haƙuri, ta ɗaga mini hannu. Ta ƙwanƙwasa gindin sabuwar da yatsa, ta kara kunne ta saurara, sannan ta tura mini ita.

"Tashi ki ɗora ta. Baƙin suna ba labari za su ci ba."

Na ɗauka na kai murhu, na durƙusa ina hura wuta. Itacen ɗanye ne, hayaƙi ya turnuƙe ni, kuma ban taɓa gode wa hayaƙi irin na ranar ba.